Yadda Masana Suka Koma Ɗaukar Karatu a Gonar Talaka

A zamanin mulkin mallaka, yawancin malaman gona kallon ɗalibi suke yi wa manomin ƙasar Zazzau. In suka ga gero da dawa da wake a gona guda, sai su ce rashin tsari ne, a koma shuka iri ɗaya.

Tunanin ya fara sauyawa ne daga masu nazarin al'umma. A 1955 Ba'amurke Julian Steward ya yi bayanin cewa ba a gane al'adar ƙaramar al'umma sai an duba ƙasarta da ruwanta da hanyar cin abincinta. A shekarar ce M. G. Smith ya fitar da bincikensa kan tattalin arzikin Hausawan Zazzau, bayan ya zauna cikinsu daga 1949 zuwa 1950, ya fayyace yadda gandu da gayauna ke raba aiki tsakanin maigida da 'ya'yansa. A 1968 kuma Robert Netting ya nuna yadda Kofyar na Filato ke ciyar da jama'a mai yawa daga ƙananan gonakin dutse.

Babban sauyin ya zo daga Samaru. Daga 1966 zuwa 1967, David Norman da ma'aikatansa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke can suka bi magidanta a Hanwa da Ɗan Mahawayi da Doka, wadda ke kan hanyar Zariya zuwa Kano, suna rubuta kowane aiki da kowane girbi. Suka tarar ƙarancin hannu lokacin cire ciyawa, a Yuni da Yuli, shi ne babban cikas. Shukar gauraye kuwa ta fi biyan wahala: gero na gicci ya nuna da wuri ya kori yunwar damina, dawa ta biyo baya, wake ya lulluɓe ƙasa ya bar harawa. In ruwa ya ci amanar ɗaya, ɗayan ya rufa asiri.

Wannan bincike yana cikin tushen tsarin nazarin noma da ke farawa daga tambayar manomi, wanda ya bazu a duniya cikin shekarun 1970. Duk mai kawo sabon iri ko taki Maƙarfi da Ikara da Kudan, ya kamata ya fara da sauraron mai raken fadama da mai dawar tudu, domin su suka san ƙasar.