Libarbar da Aka Mayar Mai Cin Harsashi

Libarbar da aka mayar mai cin harsashi ƙaramar bindiga ce ta zamanin albarushi, wadda aka sauya mata gangar da ke juyawa don ta karɓi harsashi mai kwanso. A da, kowane rami sai an zuba masa albarushi ta baki, a danna dalma, sannan a sa ƴar hular tartsatsi a baya. Aiki ne mai cin lokaci, kuma damshi kan hana albarushin tashi.

Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, irin waɗannan bindigogi sun yi yawa. Sai dai haƙƙin ƙera ganga mai ramukan da suka ɓulle gaba da baya, wanda Rollin White ya yi wa rajista a 1855, yana hannun kamfanin Smith & Wesson har 1869. Kamfanin Remington ya biya kuɗi ya fara sauya nasa a 1868. Kamfanin Colt kuwa ya bi tsarin Charles Richards na 1871, daga baya William Mason ya sauƙaƙa shi: a datse bayan gangar, a sa faranti mai ƙofar ɗuri, a maƙala sandar turo kwanso a gefen bututu.

A yau kamfanin Uberti, wanda aka kafa a Italiya a 1959, yana ƙera kwaikwayonsu, masu cin harsashi kamar .45 Colt da .38 Special. Masu gasar harbi irin ta kaboyi suna ƙaunarsu, kuma da gaskiyarsu, don ƙirar tana da kyan gani. Akwai kuma gangar musanya da ake sa wa kwaikwayo mai albarushi, amma masu ƙera ta suna hana sa ta a bindiga mai jikin tagulla, ko ɗura mata harsashi mai ƙarfi.