Daga Anini Zuwa Kwabo: Mai Kanti Tsakanin Doka Da Kasuwa

Da yawanmu mun tashi muna jin iyaye suna cewa "ba ni da ko anini", alhali ba mu taɓa riƙe aninin ba. Wannan ya sa na ga ya dace in waiwayi tarihin ƙananan tsabar kuɗi a ƙasarmu, da irin halin da ɓacewarsu ke jefa mai kanti da mai tireda a gaban doka.

A zamanin Turawa, sule 20 ne fam ɗaya, kwabo 12 ne sule, anini 10 kuma shi ne kwabo. Taro kwabo 3 ne, sisi kuwa 6. Ranar 1 ga Janairu, 1973 aka fito da naira, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya koma sabon kwabo 10, sisi ya koma 5. To amma taro sai ya zama kwabo biyu da rabi, tsohon kwabo kuwa bai sami daidai da shi ba. Ke nan tun ranar farko akwai ɗan guntun da sai dai wani ya yafe wa wani.

Tsadar kaya da ta biyo bayan karya darajar naira a 1986 ita ta cinye kwabo. A 1991 aka mayar da takardun kwabo 50 da naira 1 tsaba. Sa'an nan ranar 28 ga Fabrairu, 2007, zamanin Farfesa Charles Soludo, Babban Bankin Nijeriya ya fito da sababbin tsabar kwabo 50 da naira 1 da naira 2, ya kuma janye waɗanda ke ƙasa da haka. Mun dai ga yadda kasuwa ta juya wa sababbin baya, har suka ɓace ba tare da doka ta kashe su ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Sashe na 20 na Dokar Babban Banki ta 2007 ya ce wanda ya ƙi karɓar naira ya yi laifi, hukuncinsa tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata 6. Wato mai tireda da ya ƙi karɓar tsabar naira 1 ya taka doka, in kuma ya karɓa, wanda yake sarar kaya a wurinsa ba zai karɓa ba. Bugu da ƙari, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana a karɓi fiye da farashin da aka liƙa a jikin kaya. Idan kuɗin mutum ya kama naira 998, ina mai kanti zai samo canjin naira 2? In ya riƙe, ya ci haƙƙi. In ya ba da 5, ya ci uwar kuɗinsa. In ya miƙa alawa, ya sayar wa mutum abin da bai nema ba.

Ƙasar Kanada ta nuna akwai mafita. Da ta daina rarraba tsabar senti ɗaya ranar 4 ga Fabrairu, 2013, sai ta fitar da ƙa'ida: a tara jimlar kuɗi tukuna, sa'an nan a kai ta senti biyar mafi kusa. Mai biyan dala 1.02 ya ba da 1.00, mai 1.03 ya ba da 1.05, mai biya da kati kuwa ya biya daidai. Yau riba ta faɗo wa mai saye, gobe mai kanti, babu rigima.

A ganina, janye tsaba ba laifi ba ne, domin kuɗin da ba ya sayen komai nauyin aljihu ne kawai. Laifin shi ne a bar mai saye da mai sayarwa su yi ta jayayya a kan abin da rubutacciyar ƙa'ida za ta warware. Akwai lauyoyi da ma'aikatan banki a cikinmu, ina fata za su kai wannan magana inda ya dace. Allah ya tsare mu da cin haƙƙin wani, ko da na anini ne, amin.