Ruwa ne ke sa ranar bikin Argungu

Gulbin Rima da ke wucewa ta Goronyo da Wurno, shi ne ke haɗuwa da gulbin Sakkwato ya gangara Argungu. To, bikin sun da kuke ji a rediyo da ruwanmu ake yin sa.

Kabawa da Sakkwatawa sun daɗe suna yaƙi, ba mai taka ƙasar wani lafiya. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tara masunta suka yi su don girmama baƙo. Daga nan abin ya zama na shekara-shekara.

Amma sa rana ba wasa ba ne. Sai an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, ruwa ya ja har mutum ya iya shiga da homa da gora, wajen Fabrairu ko Maris ke nan. Kafin ranar, Sarkin Ruwa na hana kamun kifi a Matan Fada, don kifi ya ƙosa. Masu tsire da balangu kuwa, tun kwanaki suke kafa tukuba suna jiran baƙi.

Da aka gama madatsar Goronyo a 1984, lissafin ya sake. Abin da aka saki daga nan, shi ke isa can. Bayan 2009 bikin ya tsaya, sai 2020 aka sake shiga ruwa.