Lanƙwashewar takarda a injin fotokwafi

Lanƙwashewar takarda wata matsala ce da ake samu a injin fotokwafi da firinta masu aiki da hodar tona, inda takarda ke fitowa a tanƙware ko a nannaɗe maimakon a miƙe. Sau da yawa tana zuwa tare da ninkewar kusurwa, wato kusurwa ɗaya ta takardar ta ninku tun tana cikin injin, har ta rufe wani ɓangare na rubutun. Matsalolin biyu suna jawo maƙalewar takarda da asarar tona, kuma kwafin takardar shaida da ya fito a haka ba ya yin amfani. Mafi yawan lanƙwashewa daga danshin takarda take tasowa, ita kuwa ninkewar kusurwa ta fi nuna cewa akwai abin da ya tare hanyar da takardar ke bi.

Yadda injin yake aiki

Chester Carlson ne ya ƙirƙiro wannan hanyar kwafi a birnin New York na Amurka a shekarar 1938, sannan kamfanin da daga baya ya zama Xerox ya fitar da injin Xerox 914 a 1959. A cikin injin, hodar tona tana manne wa wata ganga mai juyawa, daga nan ta koma kan takarda. Sai takardar ta ratsa tsakanin rola biyu da ake kira fiyuza, ɗaya mai zafi ɗaya mai matsewa. Zafin yakan kai digiri 150 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyos, kuma shi ne ke narkar da tona ta kama takarda.

Dalilan lanƙwashewa

Ana yin takarda da zaren itace, wanda ke shan danshin iska ya kumbura, ya kuma tsuke idan ya bushe. Takardar kwafi tana barin masana'anta da danshi kimanin kashi 4 zuwa 5 cikin 100, shi ya sa ake naɗe kowane rim mai takarda 500 a mayafin da ke hana laima shiga. Da zarar takarda ta shiga fiyuza, fuska ɗaya ce ke fara shan zafi, don haka fuskokin biyu ba sa bushewa daidai. Wadda ta fi tsukewa sai ta janyo takardar wajenta. Gwargwadon yawan danshin takarda, gwargwadon tanƙwarewarta.

Sauran dalilan sun haɗa da:

- Yawan tona a fuska ɗaya, kamar hoto mai duhu, domin tona tana tsukewa idan ta huce.
- Takarda mai rashin kauri. Takardar A4 da aka saba da ita tana da faɗin milimita 210, tsawon 297, da nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita. Mai giram 70 ta fi saurin tanƙwarewa.
- Zaɓar takarda mai kauri a saitin injin alhali siririya ce a tire, wanda ke sa ta sha zafin da ya fi ƙarfinta.
- Kwafi gaba da baya, saboda takardar tana bi ta fiyuza sau biyu.

Ninkewar kusurwa

Idan kusurwa guda ce ke ninkewa a kowane kwafi, to bakin takardar yana cin karo da wani abu. Yakan zama guntun takarda da ya yage lokacin da aka fizgo wadda ta maƙale, ko fin, ko ƙarfen hanya da ya tanƙware, ko ƙananan faratan da ke ɓamɓare takarda daga jikin fiyuza idan tona ta daskare musu. Cika tire fiye da layin da aka shata, da matse takarda da madogaran gefe, su ma suna jawo haka. Takardar da ta riga ta lanƙwashe ta fi saurin ninkewa, musamman a zagaye na biyu na kwafin gaba da baya.

Tasirin yanayi a Kaduna

A unguwannin kudancin kogin Kaduna kamar Kakuri, Barnawa, Television, Narayi da Sabon Tasha, shagunan fotokwafi suna yi wa ɗalibai da masu neman aiki hidima, ciki har da ɗaliban reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Barnawa. Masu ƙera injin sun fi son danshin ɗaki ya tsaya kusan kashi 40 zuwa 60 cikin 100, amma yanayin garin yana wuce wannan iyaka ta ɓangarorin biyu.

Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, danshin iska yakan kai kashi 80 cikin 100 a watan Agusta. Rim ɗin da aka bari a buɗe yana shan laima ta gefuna, su yi lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Da hunturu kuwa danshin yana iya sauka ƙasa da kashi 20. Gefunan sai su bushe su tsuke, takardu su riƙa manne wa juna, injin ya ja biyu ko uku a tare. Ƙurar hunturu kuma tana sa rolar ja ta yi santsi, takarda ta shiga a karkace.

Wasu injuna suna da ɗan abin ɗumama tire domin busar da takarda, amma yana aiki ne kawai idan akwai wuta. A shagon da ke dogaro da janareto, takardar da ta kwana a tire da damina takan wayi gari da laima.

Gano matsala da gyara

Masu gyara sukan fara da abin da ba ya cin kuɗi:

1. A sa takarda daga sabon rim. Idan ta fito a miƙe, laifin tsohuwar takardar ne.
2. A kifa takardun da ke tire, a kaɗa su domin iska ta shiga tsakaninsu.
3. A gwada wani tire ko ƙofar gefe. Idan matsalar ta tsaya, tana cikin tiren farko.
4. A buɗe ƙofar injin ana tsakiyar kwafi domin a ga inda kusurwar ta fara ninkewa.
5. A kashe injin, a jira fiyuza ta huce, sannan a duba hanyar da tocila. Taɓa fiyuza da zafinta yana ƙona hannu.
6. A goge rola da tsumma mai ɗan jiƙa, a kuma daidaita saitin nau'in takarda.

Idan duk wannan bai yi ba, akan canza rolar ja, ko faratan, ko fiyuza gaba ɗaya.

Ajiyar takarda

Ana ajiye rim a kwance a kan katako ko kanta, nesa da siminti, bango da taga. Ba a buɗe shi sai za a yi aiki da shi, kuma abin da ya rage ana mayar da shi cikin mayafinsa ko leda a rufe bakin. Idan takarda ta fito daga sito zuwa ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ana barin ta a rufe na kwana ɗaya kafin a sa ta a injin.