Doka da wasannin waya masu haɗa zahiri da hoton kwamfuta

Waɗannan wasanni suna amfani da kyamarar waya da na'urar gano wuri ta GPS, su ɗora hotunan ƙirƙira a kan tituna da gine-ginen da ke gaban mai wasa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Pokémon Go, wanda kamfanin Niantic na Amurka ya fitar a watan Yulin 2016. Da yake sai mutum ya taka da ƙafarsa zuwa wuraren da aka sanya dodannin wasan, tambayar da ta taso ita ce: idan taron 'yan wasa ya yi ɓarna, wa zai ɗauki alhaki, kamfanin da ya jawo su ko su da suka zo?

Hukumomi sun bi hanyoyi mabambanta. Iran ce ƙasar farko da ta haramta wasan, a watan Agustan 2016, bisa dalilan tsaro. A wannan watan kuma Jihar New York ta hana waɗanda aka saki bisa sharaɗi bayan laifin lalata yin wasan, domin kare yara.

Gundumar Milwaukee da ke Jihar Wisconsin ta zaɓi hanyar lasisi. Bayan cincirindon 'yan wasa ya tattake lambun shaƙatawa na Lake Park, ta kafa doka a 2017 wadda ta wajabta wa kamfanoni neman izini da inshorar dala miliyan 1 kafin su sanya wasa a lambunanta. Kamfanin Candy Lab ya garzaya kotu, kuma a watan Yulin shekarar alƙalin kotun tarayya ya dakatar da dokar. Hujjarsa ita ce wasannin bidiyo suna ƙarƙashin kariyar 'yancin faɗar albarkacin baki, kamar yadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2011.

Masu gidaje ma sun maka Niantic a kotu kan kutse cikin harabarsu. An sasanta a 2019: kamfanin ya amince ya duba ƙorafi cikin kwana 15, kuma ya cire tashar wasa da ke cikin tazarar mita 40 daga gidan iyali idan mai gidan ya buƙata.

Da yake sulhu aka yi, kotun ba ta kai ga yanke hukunci kan ainihin batun ba, wato ko sanya abin da ba ya taɓuwa a kan taswirar filin wani kutse ne a shari'a.