Tarihin Binciken Haske Mai Ƙarfi a Cikin Zaren Gilashi

Zaren gilashi, wanda ma'aikatan sadarwa ke ce wa faiba, sili ne na gilashi mai tsabta da ake aika saƙo ta cikinsa da haske. Kaurinsa ɗaya bisa takwas na milimita ne, cibiyar da hasken ke bi kuwa ba ta wuce maikromita 8 zuwa 10 ba. Muddin hasken mai rauni ne, gilashin hanya ce kawai: abin da aka zuba shi ke fitowa, sai dai ya ɗan dushe. Amma da zarar hasken ya yi ƙarfi, sai ya fara sauya halin gilashin da yake bi, gilashin kuma ya juyo ya sauya shi. Launi ɗaya ya haifi wasu launuka, gutsuren haske ya tsuke ko ya rarrabu. Nazarin wannan hulɗa reshe ne na kimiyyar haske da ya tsaya da ƙafarsa a shekarun 1970, kuma tarihinsa ba ya rabuwa da na masu haɗa gilashi, domin sai da masana sinadarai suka tsarkake gilashin kafin masana fiziks su ga abin da za su nazarta.

Tushen ilimin ya girmi zaren. A 1875 John Kerr na ƙasar Sikotilan ya nuna cewa ƙarfin lantarki yana canja yadda gilashi ke sarrafa haske. A 1928 C. V. Raman ya gano a Kalkata cewa haske kan bar wa ƙwayoyin abin da ya ratsa wani ɓangare na kuzarinsa, ya fito da launi dabam, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1930. Abin da ya rage shi ne fitila mai ƙarfin gaske, ita kuwa ta samu a 1960 da Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Amurka. Shekara guda bayan haka Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka harba jan hasken leza cikin dutsen kwaz, wani ɗan kaso ya fito a matsayin hasken da ya zarce shuɗi, wanda ido ba ya gani.

A lokacin gilashin da ake da shi bai isa ya kai saƙo nesa ba. Likitoci sun fara leƙa cikin tumbi da damin zaruruwa tun ƙarshen shekarun 1950, amma wannan tafiyar mita ɗaya ce. Asarar haske ta kai desibel 1,000 a kowace kilomita, ma'ana bayan mita 20 kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai ya saura. A 1966 Charles Kao da George Hockham, a ɗakin binciken kamfanin STL da ke Harlow a Ingila, suka ce laifin ba na gilashi ba ne, na dattin da ke cikinsa ne, musamman ɓurɓushin ƙarfe. Suka ce in an tsarkake shi har asarar ta sauko desibel 20 a kowace kilomita, zai yi aikin sadarwa. Kao ya yi ta yawo yana jan hankalin kamfanoni a kan wannan magana, kuma sai a 2009 aka ba shi kyautar Nobel.

A nan ne masana sinadarai suka karɓi ragama, kuma a ganina su ne waɗanda ba a cika ba su haƙƙinsu ba in ana ba da wannan labari. Narka yashi a tukunya ba zai taɓa ba da tsabtar da ake nema ba, don tukunyar kanta tana zubar da datti. Sai suka bi ta hanyar tururi. Akwai wani ruwan sinadari, haɗin silikon da kulorin, wanda ke tafasa a zafin da bai kai digiri 60 ba. In aka busa iskar oksijin ta cikinsa, takan kwashi tururinsa ta bar gishirin ƙarfe a baya, saboda shi ba ya tashi da sauƙi. Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz na kamfanin Corning sun yi amfani da tururi irin wannan suka samar da zare mai asarar kusan desibel 17 a 1970. A 1974 John MacChesney da abokansa a Bell Labs suka fito da dabarar da ta bazu a duniya: a ɗora bututun silika a kan injin da ke juya shi, a tura tururin ciki, harshen wuta yana kai da komo a waje. Farin gari ya kwanta a bangon bututun, wutar ta sake wucewa ta mai da shi gilashi garai-garai, shimfiɗa bisa shimfiɗa. A shimfiɗun ƙarshe ake ƙara sinadarin jamaniyam domin cibiyar ta riƙe haske. Daga nan a ƙara wuta har bututun ya haɗe ya zama sanda, a kai shi saman hasumiya, a zafafa bakinsa zuwa kusan digiri 2,000, a riƙa jan zare daga gare shi kamar yadda mai alewa ke jan alewarsa. A 1979 masu bincike na kamfanin NTT a Japan suka kai asarar desibel 0.2, inda rabin haske ke tsira bayan kilomita 15.

Silika na cikin abubuwan da ba sa saurin amsa wa haske. Amma zare ya tara abu biyu da ba a taɓa samu tare ba: ya matse hasken a wuri ƙanƙane, ya kuma riƙe shi haka na tsawon kilomitoci. Ƙaramin tasiri sai ya yi ta taruwa. Roger Stolen na Bell Labs shi ne ya fi kowa bin diddigin wannan. A 1972 shi da Erich Ippen suka ga tasirin Raman da wani makamancinsa da ake kira na Brillouin a cikin zare, a 1974 ya nuna yadda launuka ke cuɗanya su haifi sababbi, a 1978 kuma shi da Chinlon Lin suka auna yadda gutsuren haske ke faɗaɗa launin kansa.

Babin da ya fi jan hankali shi ne na soliton, kuma ya faro ne daga ruwa. A watan Agustan 1834 injiniya John Scott Russell yana gefen wata mashigar jiragen ruwa kusa da Edinbura, sai jirgin da dawakai ke ja ya tsaya farat ɗaya. Tudun ruwa guda ya ɓalle daga gabansa ya ci gaba da tafiya bai baje ba. Russell ya bi shi a kan doki fiye da mil guda. Norman Zabusky da Martin Kruskal ne suka raɗa wa irin wannan igiya suna soliton a 1965, sannan a 1973 Akira Hasegawa da Frederick Tappert suka lissafa cewa haske ma zai iya yin haka a zare. Dalilin yana da daɗin fahimta. Kowane gutsuren haske haɗin launuka ne masu kusanci, kuma ba gudu ɗaya suke yi a gilashi ba, shi ya sa gutsuren ke bajewa. A zangon nanomita 1,550, ɓangaren da ya karkata ga shuɗi shi ya fi sauri. Tasirin Kerr kuwa, wato yadda ƙarfin hasken ke sauya halin gilashin, yana mai da goshin gutsuren ja-ja, ƙeyarsa shuɗi-shuɗi. Sai goshin ya rage gudu, ƙeyar ta ƙara, in ƙarfin ya yi daidai gutsuren ya riƙe siffarsa. Lissafin ya jira shekara bakwai kafin a samu zare da lezar da suka dace. A 1980 Linn Mollenauer da Stolen da James Gordon suka gani da idonsu a zare mai tsawon mita 700, a 1988 kuma Mollenauer ya zagaya da soliton fiye da kilomita 4,000.

Duk da haka kamfanonin sadarwa ba su gina hanyoyinsu a kan soliton ba. A 1987 ƙungiyar David Payne a Jami'ar Southampton da ta Emmanuel Desurvire a Bell Labs suka nuna cewa guntun zare da aka cusa wa sinadarin arbiyam yana ƙara wa haske ƙarfi kai tsaye. Irin wannan zare yana iya yin haka ga launuka da yawa a lokaci guda. Ya fi sauƙi a jera launuka da dama a zare ɗaya, kowanne da saƙonsa. A irin wannan tsari hulɗar haske da gilashi ta zama abin gudu, domin ita ke sa launuka su gurɓata juna, kuma ita ta sa ba a iya ƙara yawan saƙo ta hanyar ƙara ƙarfin leza kawai. Igiyoyin ƙarƙashin teku da suka sauka Legas, irin su SAT-3 da MainOne, da wannan iyaka aka tsara su.

Inda aka rungumi wannan hulɗa hannu biyu shi ne ɗakunan awo. A 1996 Philip Russell da Jonathan Knight da Tim Birks suka ja zare mai jerin ƙananan ramukan iska kewaye da cibiyarsa. Jinendra Ranka da abokansa a Bell Labs suka harba gajerun gutsuren leza a zare mai ramuka wanda bai kai mita ɗaya ba, sai haske ya fito ya bazu daga shuɗi har ya wuce ja, sakamakon da aka buga a 2000. Da wannan ne John Hall da Theodor Hänsch suka kammala ma'aunin mitar haske da ya kai su ga kyautar Nobel ta 2005.

Silika ba ta barin hasken da ya zarce kusan maikromita 2 ya wuce, alhali a can ne ƙwayoyin iskar gas da yawa ke nuna alamarsu. Saboda haka ake aiki da wasu gilasan: na fulorin, wanda Marcel da Michel Poulain suka gano a Jami'ar Rennes ta Faransa a tsakiyar shekarun 1970, da na farar wuta ko seleniyam haɗe da asenik, wanda amsarsa ga haske ta ninka ta silika sau ɗari ko fiye, ko da yake yana da saurin karyewa. Wasu kuma sun bi akasin haka. Tun 1999 ake ƙera zare mai rami a tsakiya, inda haske ke bin iska, ya kuɓuta daga yawancin tasirin gilashi, ya kuma dawo da kusan kashi ɗaya bisa uku na gudunsa da silika ke cinyewa.