Yadda Ake Ƙalubalantar Takardar Laifin Gudun Wuce Ƙa'ida da Neman Sassaucin Hukunci

Wannan shafi bayani ne ga direbobi da masu motoci game da abin da doka ta tanada idan jami'an kula da hanya suka ba mutum takardar laifi bisa zargin gudun wuce ƙa'ida. Abu na farko da ya kamata jama'a su fahimta shi ne, wannan takarda zargi ce, ba hukunci ba ce. Wanda aka ba shi ita yana da zaɓi biyu: ko ya amince ya biya tarar da doka ta ƙayyade, ko kuma ya ƙi amincewa ya nemi a kai maganar gaban kotu. Sai dai zaɓin yana zuwa ne kafin biya. Duk wanda ya biya tara, a idon hukuma ya yafe haƙƙinsa na zuwa kotu ke nan, kuma da wuya a sake buɗe maganar bayan haka.

Hukumar da abin ya shafa

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a watan Fabrairun 1988, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Majalisar Tarayya ta sake yi mata doka a shekarar 2007, aka kuma fitar da ƙa'idojin zirga-zirga a kan hanyoyin ƙasa a 2012. Ban da ita, jihohi da dama sun kafa nasu hukumomin, kamar KAROTA a Kano da LASTMA a Legas, kowace da dokarta da jadawalin tararta. Saboda haka, abin da direba zai fara dubawa a kan takardar shi ne sunan hukumar da ta bayar da ita, domin shi ne zai nuna dokar da ake tuhumarsa a ƙarƙashinta da ofishin da zai kai kukansa. Yawancin bayanin da ke tafe ya shafi takardar hukumar tarayya ne.

Iyakar gudu da tara

Littafin Ƙa'idojin Hanya na Nijeriya ya raba iyakar gudu bisa irin mota da irin hanya. A cikin gari, ƙananan motoci na gida da tasi da bas ba za su wuce kilomita 50 a awa guda ba. A kan babbar hanya iyakarsu 80 ce. A kan tagwayen hanya irin ta Kaduna zuwa Abuja, motar gida tana iya kaiwa 100, amma tasi da bas na haya 90 ne iyakarsu. Tireloli da tankoki kuwa 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Inda aka kafa allo mai nuna adadin da ya gaza waɗannan, kamar kusa da makaranta ko kasuwa ko wurin da ake gyaran hanya, abin da ke kan allon shi ne doka a wurin.

A jadawalin da ke tare da dokar 2007, laifin wuce iyakar gudu tararsa naira 3,000 ce da maki 3 a kan lasin tuƙi. Tuƙin ganganci kuwa laifi ne dabam mai nauyi: naira 50,000 da maki 10, kuma idan kotu ta kama mutum da shi tana iya ɗaure shi har shekara biyu, ko ta haɗa masa tara da ɗauri. Majalisa tana da ikon sauya waɗannan adadi, don haka a riƙa gwada abin da aka rubuta a takarda da jadawalin da ke aiki a ranar.

A nan ne ya kamata direba ya yi lissafi da kyau. A kan naira 3,000 kaɗai, kwana ɗaya da za a ɓata a kotu ya fi tarar tsada, kuma idan mutum ya san a ransa ya yi gudun, biya ya fi masa sauƙi. Amma akwai halin da ƙalubalantar takardar ya zama dole. Na ɗaya, idan an rubuta wa mutum tuƙin ganganci alhali abin da ya faru bai wuce ƙetare iyakar gudu ba. Na biyu, idan direban haya ne ko na kamfani wanda lasin tuƙi shi ne abincinsa, domin makin yana taruwa, ya kai ga gargaɗi, daga nan dakatar da lasin, daga nan janye shi. Na uku kuma, idan mutum ya tabbata bai yi laifin ba sam.

Abin yi a bakin hanya

Shari'ar da za a yi a kotu, tun daga bakin hanya ake cin ta ko a faɗi. Direba ya tsaya idan an tsayar da shi, ya miƙa takardunsa, ya yi magana cikin ladabi. Yana da damar tambayar jami'in adadin gudun da aka ce ya yi da kuma yadda aka auna shi. Idan da na'urar auna gudu ce, ya roƙi a nuna masa abin da ta nuna. Ya lura da sunan jami'in da ke kan rigarsa, da lambar motar sintiri, da lokaci, da wurin daidai, musamman ko cikin gari ne ko wajen gari, da kuma ko akwai allon iyakar gudu a kusa. Idan akwai wasu motoci a gefensa ko a gabansa lokacin da aka haska na'urar, ya riƙe wannan ma. In da hali, ya ɗauki hoton wurin, ya kuma karɓi lambar wayar fasinja ɗaya ko biyu da za su iya ba da shaida.

Kafin ya bar wurin, ya karanta takardar tsaf: sunansa, lambar mota, kwanan wata, sunan hanya, da laifin da aka yi wa alama. Kuskure a ɗaya daga cikin waɗannan yana iya zama hujja a gaba.

Abubuwa biyu ne ke lalata wa direba magana tun daga nan. Na farko gardama da zagi ko kai hannu, domin cin zarafin jami'i a bakin aiki laifi ne mai zaman kansa. Na biyu miƙa "na goro". A jadawalin 2007, yunƙurin ba jami'i cin hanci tararsa naira 10,000 ce, wato ta ninka tarar gudun fiye da sau uku. Bugu da ƙari, jami'in sintiri ba shi da ikon rage tara ko karɓar kuɗi a hannu. Tun da aka tilasta tsarin asusun bai-ɗaya na Gwamnatin Tarayya a 2015, ana biyan tara ne ta banki ko ta Remita, a kuma karɓi rasit. Duk "ragin" da aka yi wa mutum a bakin titi ba tare da rasit ba, ba ragi ba ne a doka, kuma bai goge komai daga kansa ba.

Koke a ofis

Matakin da ya fi sauƙi shi ne rubuta takardar koke zuwa ga kwamandan ofishin da ya ba da takardar, ko kwamandan hukumar na jiha. A rubuta a taƙaice: lambar takardar, rana da wuri, abin da aka zarga, da dalilin rashin amincewa. A haɗa da kwafin takardar da hotuna, a riƙe ta asali, a kuma nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafin koken. Wannan mataki ya fi amfani inda kuskuren a fili yake, kamar a rubuta lambar wata mota dabam, ko a yi wa motar gida hukunci da iyakar motar haya. A sani cewa shigar da koke ba ya dakatar da wa'adin da aka rubuta a kan takardar, kuma idan an tsare mota, kuɗin ajiya yana hawa kullum bayan awa 24 na farko. Saboda haka kada a yi jinkiri.

Idan kuma kukan a kan halin jami'i ne, kamar neman kuɗi ko cin mutunci, akwai sashen SERVICOM a hukumar, akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo.

A gaban kotu

Irin wannan ƙara tana zuwa ne gaban majistare, ko a kotunsa ko a kotun tafi-da-gidanka da ake zaunarwa a bakin hanya, musamman lokacin bukukuwan Sallah da ƙarshen shekara. Kotun tafi-da-gidanka kotu ce cikakkiya, kuma saurin da take yi bai rage wa wanda ake tuhuma haƙƙinsa ko ɗaya ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ana ɗaukar mutum marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Sashen ya ba shi damar a yi masa bayanin tuhuma da harshen da yake ji, a ba shi lokacin shirya kariya, ya ɗauki lauya ko ya kare kansa, ya yi wa shaidun masu ƙara tambayoyi, a kuma samar masa da tafinta kyauta. Direban da ba ya jin Turanci kada ya amsa abin da bai fahimta ba saboda kunya ko gaggawar tafiya. Ya nemi tafinta, haƙƙinsa ne.

Idan ya musanta laifin, nauyin kawo hujja yana kan masu ƙara, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta ce sai sun tabbatar da shi ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba. Tambayoyin da suka fi tasiri su ne waɗanda suka shafi awon kansa. Da me aka auna gudun? Yaushe aka duba lafiyar na'urar, kuma ina takardar da ke nuna haka? Shin jami'in ya samu horo a kan amfani da ita? Ta yaya aka tabbatar wannan motar ce na'urar ta kama ba wadda ke gefenta ba? Mece ce iyakar gudu a wannan wuri, kuma da wace alama aka sanar da ita? Idan hoto ko bayanin kwamfuta aka kawo, sashe na 84 na dokar ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓe shi, ciki har da takardar shaidar cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin.

Akwai uzurorin da direbobi ke yawan kawowa waɗanda ba sa wanke mutum: "ban san iyakar ba", "kowa ma haka yake gudu", "ina sauri ne in isa kafin dare". Na farkon ma ya fi cutarwa a bakin mai lasin tuƙi. Shi kuwa direban motar haya da zai ce motarsa na da na'urar ƙayyade gudu, wadda aka fara tilasta sanyawa gadan-gadan a watan Fabrairun 2017, sai ya zo da takardar sanya ta, ya kuma tuna cewa na'urar tana tsayar da mota ne a iyakar sama, ba ta hana mutum yin 80 a inda doka ta ce 50.

Batun hurumi ma yana tasowa. A shekarar 2014 wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke cewa kotu ce kaɗai ke da ikon ɗora wa mutum tara. A 2023 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta yanke cewa aikin hukumar ta tarayya ya tsaya a kan hanyoyin tarayya. A 2024 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta hana jami'an VIO na babban birnin tarayya tsare motoci da cin tara. Waɗannan hukunce-hukunce suna da muhimmanci, amma magana ce ta lauya a gaban alƙali. Kada direba ya ɗauke su a matsayin izinin ƙin tsayawa idan an tsayar da shi.

Neman sassauci

Wanda ya san ya yi laifin amma yana ganin hukuncin ya yi nauyi, hanyarsa dabam ce. Bayan ya amsa laifi, ko bayan kotu ta same shi da laifi, majistare yakan ba shi damar roƙon sassauci kafin yanke hukunci. A nan ake faɗin abin da ba ya wanke mutum amma yana rage masa: cewa wannan ne karon farko, cewa bai ɓata wa kotu lokaci ba, cewa babu wanda ya ji rauni, cewa abin da ya ƙetare kaɗan ne, ko cewa marar lafiya ko mai naƙuda yake kaiwa asibiti, in akwai katin asibiti da zai nuna. Mai iyali da tuƙi ne sana'arsa ya faɗi haka a fili. Ana kuma iya roƙon a ba da lokacin biya ko a biya kashi-kashi.

Inda tuhumar tuƙin ganganci ce, sassaucin da ya fi kowane amfani shi ne a mayar da ita laifin wuce iyakar gudu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 270, ta amince da yarjejeniya tsakanin mai gabatar da ƙara da wanda ake tuhuma a kan amsa ƙaramin laifi, jihohi kuma sun yi makamanciyarta, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019. A irin wannan tuhuma, da duk wadda ta haɗa da haɗari ko rauni, bai kamata mutum ya tsaya shi kaɗai ba. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tuntuɓi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke babban birnin jiharsa.

Wanda bai gamsu da hukuncin majistare ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha. Wa'adin da aka saba bayarwa kwana 30 ne daga ranar hukunci, don haka a nemi kwafin hukuncin daga rajistaran kotu nan take.

Takardar da ke zuwa ta waya

Direbobinmu masu zuwa Kudu su lura cewa a shekarar 2025 Gwamnatin Jihar Legas ta sanar da kafa kyamarorin kama masu gudu a wasu manyan titunanta, da tarar naira 50,000 a ƙarƙashin dokar jihar. A wannan tsari babu mai tsayar da mota. Kyamara ce ke karanta lamba, saƙo kuma ya tafi wayar wanda aka yi rajistar motar da sunansa. Saboda haka wanda ya sayar da mota bai canja sunan mallaka ba, shi saƙon zai iske, ko da yana Gusau motar tana Ikeja. Hujjarsa ita ce takardar ciniki mai kwanan wata da takardar canjin mallaka, sai ya adana su. Kafin a biya irin wannan tara, a tabbatar da ita a shafin intanet na hukumar ko a ofishinta, domin 'yan damfara ma suna aika saƙonni masu kama da na hukuma, da lambar asusun wani mutum a ƙarshe.